Ba Zan Sauka Daga Sikutar Nan Ba

Saint-Étienne,
ƙarshen watan Oktoba.

Zuwa ga Yayata Solange,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Réjean da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya yaye miki wannan ciwon bayan da ya hana ki sakat, ya kuma sa sanyin Montreal na bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ruwa ake ta yi tun farkon wata, ganyaye sun zube sun cika tituna. Gwaggo Henriette ta cika shekara casa'in, har yanzu tana faɗa da likitanta a kan gishiri, ta ce shi ne zai riga ta mutuwa. Jikata Capucine ta zubar da haƙoran gaba, ba ta yarda a ɗauke ta hoto sai ta rufe baki. Na je na share kabarin Mama, kuma ranar tunawa da matattu zan kai furanni da sunana da naki kamar yadda muka saba.

Na ji saƙon da kika bar mini a waya. Ban kira ki ba, domin na san idan muka hau waya ke za ki yi kuka, ni in ɗaga murya, mu rabu babu wadda ta ji 'yar'uwarta. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Na san ɗana Bastien ne ya kai miki ƙarata. Ya gaya miki uwarsa, mai shekara sittin da ɗaya, ta sayi sikuta, ɗan babur ɗin nan na lantarki da ake tuƙawa a tsaye, tana ratsa gari a kai kamar 'yar makaranta, har ta faɗi ta fasa haɓa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da bai gaya miki ba shi ne dalili, kuma shi nake so ki ji daga bakina kafin ki sake ce mini in ji tsoron Allah in sauka.

Kin san tun bara ciwon mantuwar mijina Lucien ya fi ƙarfina, har na kai shi gidan kula da tsofaffi. A farkon bazara aka rufe ɓangaren da yake don gyara, aka mayar da shi wani gidan a can saman tudu, ƙarshen gari. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan mutanen kirki ne, ba ni da abin cewa a kansu. Amma Yaya, Lucien ya daina cin abinci a hannun kowa. Bai san sunana ba yanzu, bai san ni matarsa ce ba, wani lokaci yana ce mini malama, wani lokaci yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Duk da haka idan na zauna a gefensa na ɗauki cokali, sai ya buɗe baki. Idan wani ne, sai ya datse haƙora ya juya fuska bango. Likita ma bai san dalili ba. Ni ban tambayi dalili ba, na dai san ana ba su abincin yamma jim kaɗan bayan na tashi daga aiki, kuma daga masana'antarmu zuwa can sai na shiga jirgin titi, ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke ratsa cikin gari, in sauka in jira bas, in sake sauka in jira wata. Kafin in isa an kwashe kwanuka, an saka masa rigar barci. Sai in tarar da shi zaune a bakin gado, ga farantinsa an rufe, dakakken dankalin ya sandare. Perrine, yarinyar da ke kula da ɗakinsu, ita ta ja ni gefe wata rana ta nuna mini inda suka ƙara huda bel ɗinsa. Ta ce ba ta son ta tayar mini da hankali, amma idan aka ci gaba a haka maganar saka masa roba ta hanci za a fara.

Na gwada duk abin da kike shirin lissafa mini. Na roƙi shugabanmu ya bar ni in riƙa tashi da wuri, ya ba ni mako biyu, daga nan ya ce layin ɗinki ba ya tsayawa don mutum ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Na sauko da tsohon kekena, gwiwata ta ce ba da ita ba tun a tudun farko. Keken lantarki kuwa na kasa ɗaga shi daga ƙasa, balle in hau da shi bene uku, kuma a unguwarmu abin da aka ɗaure a waje ba ya kwana. Mota kin san mun sayar, kuma ni ban taɓa koyon tuƙi ba. Da na kai wa Bastien kukana, sai ya zo da shawararsa a shirye, kamar ya daɗe da ita a aljihu. Wai in ajiye aiki, in saki gidana, in koma ɗakin ƙasa a gidansu na Montbrison, a nemo wa babansa wuri a kusa da su idan an samu gurbi. Idan an samu, Yaya. Ni kuma saura mini shekara biyu in kai ga cikakken fanshona, kuma albashin nan shi ke riƙe da gadon da Lucien yake kwana a kai. Ban da wannan ma, zan gaya miki abin da ban gaya wa ɗana ba. Awannin da nake yi a gaban keken ɗinki, cikin hayaniyar mata ana ba'a ana gulma, su ne kaɗai lokacin da ni Odile ce, ba matar mara lafiya ba. Idan aka raba ni da wannan, gado biyu za a nema a gidan tsofaffin.

Wata safiya ina tsaye a tasha sai ga wata mata ta wuce ta gabana a kan sikuta, da jakar cefane a baya, furfura na leƙowa ta ƙasan hular kwano. Na bi ta da kallo har ta sha kwana. A ranar Asabar na shiga babban kanti. Saurayin da ya tare ni ya yi murmushi ya tambaye ni shekarun jikan da zan saya wa. Na ce masa jikan yana gabansa, shekararsa sittin da ɗaya. Ya yi ta ba ni haƙuri, sannan ya kai ni gaban wata ƙatuwa baƙa mai fitilu kamar motar 'yan sanda, yana ta yaba mini gudunta. Na tambaye shi ko za ta hau tudu da mace mai nauyina, ya duba takardar da ke jikinta. Na tambaye shi ko zan iya ɗaga ta, ya ce shi dai yana iyawa. Na yi masa godiya na fito.

A wani ɗan shago bayan tashar jirgin ƙasa na samu wadda ta saurare ni. Sunanta Dalila, mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, hannunta duk baƙin mai, tana gyaran kekuna tun tana budurwa. Ba ta tambaye ni shekaruna ba. Ta tambaye ni inda nake zuwa, da irin hanyar, da bene nawa nake hawa, da ko hannuna yana da ƙarfin matse birki. Da na ambaci sunan tudun, sai ta yi dariya ta ce rabin kayan shagonta sun faɗi jarrabawa ke nan tun ba a fara ba. Ta fito mini da guda uku. Ta farko 'yar siririya ce, da hannu ɗaya na ɗaga ta, raina ya kwanta da ita nan take. Dalila ta ce kada in yi saurin soyayya. Ta rufe shago da rana tsaka, ta saka su a bayan motarta, muka tafi gindin tudun. Ta koya mini tsayuwa a wani fili, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a sake, sannan ta ce in hau. 'Yar siririyar ta kai ni rabin hanya ta fara kuka kamar sauro, ta tsaya cak, na sauko ina turawa, wani tsoho a bakin taga yana tafa mini. Ta biyun ta haye tudun kamar ba tudu ba, amma da Dalila ta ninke ta ta ce in hau da ita matakalar cocin da ke wurin, ban kai tsakiya ba na ajiye, bayana yana neman tsinkewa. Ta ce to ki tuna, kullum ne, safe da yamma, kuma ranar da kika gaji ma sai kin hau da ita.

Ta ukun ba ta da kyan gani, launin toka ce kamar tukunya. A tudun tana tafiya a hankali amma ba ta tsayawa. Tayoyinta manya ne masu iska, ba sa girgiza mini haƙora a titin duwatsu. Birkinta biyu, na gaba da na baya, kuma ruwan sama ba ya shiga batirinta. Caji ɗaya yana kai ni aiki, ya kai ni wurin Lucien, ya dawo da ni gida da saura, ko da sanyi ya rage masa ƙarfi. Nauyinta kuwa daidai iyakar abin da zan iya, in na huta sau ɗaya a bene na biyu. Dalila ta ƙi miƙa mini ita sai da na sayi hular kwano da safar hannu, na kuma yi inshora a gabanta. Ta ce ita ba ta sayar wa mutum abin da zai sa ta je jana'izarsa, ba ta da baƙar riga mai kyau. Ta gargaɗe ni kada in taɓa barin ta a caji in fita ko in kwanta, kuma ban taɓa yi ba. Lahadi uku na yi ina koyo a filin shaƙatawa, yara suna wuce ni suna waiwaye. Ranar da na fara zuwa da ita, na shiga ɗakin cin abinci ana zuba miya. Lucien ya cinye tas, har da tuffar da aka dafa. A cikin wata biyu Perrine ta mayar da bel ɗinsa ramin da yake a da.

Yanzu maganar faɗuwa, tunda ita ce ta tsallaka teku ta iso miki. Mako uku da suka wuce aka yi yayyafi, na zo tsallaka ƙarfen jirgin titi a karkace maimakon in yanke shi kai tsaye, tayar gaba ta zame, na ci ƙasa. Haɓata ta fashe aka yi mini ɗinki, gefen fuskata ya yi baƙi, gwiwar wandona ta yage. Hular ta karɓi abin da kaina zai karɓa. Ba mota ce ta buge ni ba, ba kuma gudu nake yi ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba, da na koma gida sai da na sha shayi kofi biyu. Washegari na sake hawa, domin na san idan na bari kwana biyu suka wuce ba zan ƙara ba.

Bastien ya ga fuskar a ranar Asabar da ya kawo mini Capucine. Ya yi fari fat. Ranar Laraba na dawo daga kantin magani da safe, na tarar babu sikuta a bayan ƙofa. Yana da mabuɗin gidana tun lokacin da babansa ya fara ɓacewa a titi. Ya shigo ya ɗauke ta, ya turo mini saƙo wai ya yi haka ne don yana ƙaunata, wata rana zan gode masa. Yaya, ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Ni da na yi masa wanka, na koya masa ɗaure takalmi, yau ni ce ake ɓoye wa abu kamar yarinyar da aka kama da ashana. Na kira shi bai ɗauka ba. Na koma bin bas, na koma tarar da faranti a rufe. A rana ta uku Lucien ya ture hannun Perrine har miya ta zube masa a cinya.

Ranar Lahadi na shiga jirgin ƙasa na tafi Montbrison. Na same su a tebur, matarsa Aurore ta gasa kaza, ta tashi da sauri za ta ƙaro faranti. Na ce ta bar shi, ba zama na zo yi ba, kayana na zo ɗauka. Na sa aka tura Capucine lambu. Bastien ya fara jero mini labaran waɗanda manyan motoci suka take, da na batiran da suka kama da wuta, yana magana da ni a hankali kamar yadda ake yi wa babansa. Da ya ga ban motsa ba sai muryarsa ta karye. Ya ce Mama, na riga na rasa uba yana raye, so kike a kira ni in zo in gane gawarki a kan titi? Na ji tausayinsa har cikin raina, domin na ga ɗan yaron nan da yake shigowa gadonmu idan ana tsawa. Amma ban sassauta ba. Na ce masa na ji, ya riƙe sikutar, sharaɗi ɗaya ne. Daga gobe shi zai riƙa tashi daga ofis ya hau tudun ya ba babansa abinci, kullum, har ranar da Allah zai yi ikonsa. Sai ya sunkuyar da kai. Ke ba ki sani ba, amma rabon Bastien da gidan tsofaffin tun ranar da Lucien ya dube shi ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Ya fita ya zauna a mota ya yi kuka, bai sake komawa ba. Ban taɓa yi masa gori ba sai ranar. Na ce masa ban zarge shi ba, kowa da abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Amma wanda ya kasa hawa tudun ba shi zai tsare wadda take hawa ba.

Can sai Aurore ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta fita ta ƙofar baya, ta dawo tana turo sikutar, da wayar cajin a naɗe a wuyanta. Ta ce ta yi mata caji tun jiya, don ta san zan zo. Shekara goma ina ganin yarinyar nan sanyi gare ta da yawa, ashe ban san ta ba. Kafin in fita na miƙa wa Bastien hannu na ce ya ba ni mabuɗin gidana. Ya ciro shi daga cikin nasa da ƙyar. Na sumbace shi a goshi, na sumbaci Capucine, na hau abina zuwa tasha. Da yammacin ranar ne ya kira ki.

Har yau bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Amma tun ranar Talata, duk yamma saƙonsa yana shigowa, kalma biyu tak: Kin isa? Ni kuma in mayar masa: Na isa. A haka muke, kuma ya ishe ni a yanzu.

Ba na cewa babu haɗari, ni ba yarinya ba ce. Ranar da ƙanƙara ta rufe hanya zan bar ta a gida in nemi tasi ko in roƙi maƙwabta. Ranar da idona ko gwiwata suka ce ya isa, ni da kaina zan mayar wa Dalila ita ta sayar wa wata. Amma ni zan faɗi ranar, ba Bastien ba, ba ke ba, duk da girman da kike da shi a wurina. Kin bar ƙasar nan kina da shekara ashirin da biyu, da akwati ɗaya, kika bi mutumin da Baba ya rantse ba zai gaisa da shi ba, kuma ni ce na riƙe miki ƙofar baya. Ban ce miki ki ji tsoron teku ba. To ni tudu ɗaya kawai nake hawa.

Bari in ba ki labarin jiya kafin in rufe. An sauya wa Lucien wurin zama, an kai shi teburin da ke bakin taga, mai kallon ƙofar shiga. Ashe ya hango isowata. Da na shigo ina cire hula, gashina duk a hargitse, sai na ga yana ta gyara wuyan rigarsa. Perrine tana danne dariya ta raɗa mini cewa ya kira ta ya tambaye ta wace ce wannan yarinyar mara tsoro da ta hawo tudu a tsaye, kuma ko za ta iya gabatar da shi. Na zauna, Perrine ta gabatar da mu da sunayenmu kamar a wurin biki. Ya miƙo hannu muka gaisa. Yana cin miya yana satar kallona, can ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da aure. Na ce ina da shi, shekara talatin da takwas. Ya girgiza kai, abin bai yi masa daɗi ba. Sannan ya matso ya ce, in dai mijin nawa ba mai kishi ba ne, zai so in sake zuwa gobe. Na ce masa zan zo.

Ki gaishe mini da Réjean, ki ce masa ina nan ina jiran zumar itacen nan ta ƙasarku da ya yi mini alkawari tun bara. Ki gaishe da Noémie da mijinta, da Mathis, da 'yan biyu, ki sumbace su a madadina. Gwaggo Henriette tana gaishe ki, ta ce ki turo hoto na gaske wanda ake riƙewa a hannu. Aurore ma tana gaisuwa. Idan Bastien ya sake kiran ki, kada ki yi masa faɗa, ki saurare shi, yana bukatar wanda zai yi wa kuka. Ki dai ce masa ya je ya ga babansa. Ki saka mu a addu'a, ni da Lucien, kamar yadda kuke cikin tawa kullum. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki Odile.